Kafaɗar Hagu ta Baba

Ni ɗinki nake yi, amma ba irin wanda dangi ke so ba. Riguna nake ɗinkawa masu sauya wa mutum siffa: in sa waya a ƙugu ya buɗe kamar laima, in tara soso a kafaɗa har ta kusa taɓa kunne. Da la'asar, idan rana ta shigo shagona ta tagar baya, rigunan da ke rataye sukan zuba inuwarsu a bango, su yi ta lilo a hankali, wata mai fukafukai, wata ba wuya. Yayana ya ce in zai shigo sallama biyu yake yi, ɗaya tawa, ɗaya ta aljanun. Nakan bar shi ya yi dariyarsa shi kaɗai.

Idon Mama ya yi shekara biyar yana dusashewa. Ba ta ganin fuska. Sai mutum ya tsaya tsakaninta da haske take ganin zanen jikinsa, da shi kuma take gane mu. Ana haka Baba ya kwanta asibiti wata huɗu, aka yi masa aiki a maƙogwaro. Ya dawo a rame, rabin mutum, murya ta koma raɗa. Da ya tsaya a ƙofar falo, Mama ta ja mayafi ta rufe kai.

"Sannu da zuwa, bawan Allah," ta ce. "Maigidan ba ya nan, yana asibiti."

Mun yi bayani har bakinmu ya gaji. Takan ce to, ta ji, bayan awa ɗaya ta tambaye ni yaushe za a sallamo shi, don mantuwa ma ta fara taɓa ta. Baba yana zaune a kujerar gefe yana ji. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Sai na ɗauko hotonsa na ranar da ya bar aiki, yana tsaye ƙyam. Na auna faɗin kafaɗa da ƙirji daga hoton, na lanƙwasa siririyar waya, na naɗe ta da soso da auduga, na ɗinke duka a cikin shafin tsohuwar kwat ɗinsa. Kwana uku na yi a kai, ina ta yaba kaina. Ya saka, ya tsaya a ƙofar falo. Mama ta daɗe tana kallo.

"Auta, wannan kuma wane soja ne kika kawo mana?"

Washegari Baba ya biyo ni shago. Ya ɗauki buhun da nake tara ƙyallaye, ya rataya a kafaɗar hagu, ya je gaban bango ya tsaya a tsakiyar inuwar rigunana. Kafaɗar ta sauka, kansa ya karkata dama, ƙafa ɗaya ta ɗan yi gaba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana raba wasiƙu da jaka a wannan kafaɗa, jikin ya zauna a haka. A hoton, mai hoto ne ya ce ya miƙe. Na tsaya da alli a hannu ina kallon mutumin da nake hangowa daga ƙarshen layinmu tun ina yarinya, kunya ta kama ni.

Na bi inuwar da alli, na warware ɗinkin. Na rage yatsa uku daga kafaɗar hagu, na tura auduga bayan wuya, na bar gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Da hantsi muka gwada. Na yaye labulen da ke bayansa, haske ya cika ƙofar, ƙura tana yawo a cikinsa. Mama ta ɗaga kai. Ba ta taɓa mayafinta ba.

"Malam, sai yanzu?" ta ce. "Mutum ya tafi ko aike babu."

Ya zo ya zauna kusa da ita, wayar cikin kwat ɗin tana ɗan ƙara.

"Akwai wani tsoho da ke zama a nan tun da ka tafi," ta ce, ta rage murya. "Ba ya magana, abinci ma sai a hankali. Amma kullum shi ke juya mini kujera in bi rana. Ina jin ba shi da kowa. Don Allah kada ka kore shi."

"Ba zan kore shi ba," in ji Baba cikin raɗa.

"Ji murya. Mura ka kwaso a can ko?"

Ya gyaɗa kai. Zufa tana gangaro masa ta wuya, na yi masa alama ko zai cire kwat ɗin ya huta. Ya girgiza kai, ya ƙara saka maɓalli na sama.