Basilla a Ramin Bango

Attahir ya shigo Ollelewa da hantsi yana jan raƙuma biyu shi kaɗai. Kafin ya kai ƙofar gidan surukarsa Dado, labari ya riga shi. Shi da ɗanta Yahuza suka tafi Ikko da fatu bayan kaka, ga shi mutum ɗaya ya dawo.

Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarmarta, ya ajiye rigar Yahuza a ƙasa. Ya ce Allah ya yi wa Yahuza rasuwa, yau wata biyu, kuma an yi masa sutura a maƙabartar Hausawa ta can.

Raishatu, matar mamacin, ta zube a bakin ɗaki. Dado ba ta yi kuka ba. Sakinatu, ƙanwar Yahuza, wadda Attahir ke aure, ta tsaya bayan uwarta tana kallon mijinta kamar yau ta fara ganinsa.

Mato, ƙanen mahaifin Yahuza, shi ya karɓi tambaya. Ciwo ya yi? Attahir ya ce a'a. Ruwan teku ya ci shi? A'a. Wuta ce. Mato ya ɗaga rigar, ya juya ta ciki da waje.

"Wace irin wuta ce ke cin mutum ta bar masa riga?"

Attahir ya ce wuta ce ta Nasara, lantarki suke ce mata, a cikin bango take zaune, ba hayaƙi, ba toka. Tsakar gida ta ɗauki gunaguni. Wani ya tuna an ji Attahir da Yahuza suna cacar baki a bakin rijiya kafin tafiya. Nan take Mato ya yanke: Sakinatu ba ta komawa ɗakin mijinta, gobe kuma za a kai maganar gaban alƙali a Tanut.

Shaidar Attahir ɗaya, akawu ne Bayarabe, tafiyar sama da wata guda tsakaninsu.

"A bar shi ya faɗa daga farko," in ji Dado.

Ya faɗa, kansa a ƙasa. Daga Kano jirgin ƙasa suka bi. A Ikko aka sauke su a rumbun ajiya na wani Bature mai sayen fatu. Ranar farko akawun ya nuna masa wani abu baƙi maƙale a bango, mai 'yan ramuka biyu kamar ƙofofin hanci. Ya ce akwai kan waya da aka ƙera musamman domin su, shi kaɗai ke shiga. Kada a sa ƙarfe, kada a taɓa da jiƙaƙƙen hannu. Lokacin Yahuza yana waje yana sauke kaya.

Kwana uku bayan haka ƙunshin fatu ɗaya ya yage, Yahuza ya zauna ɗinki, shi da yake baduku ne. Azahar ta yi, ya fita ya yi alwala, ya dawo ba takalmi, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya ga basillarsa yashe a ƙasa. Ya ɗauka, ya dubi bango yana neman inda zai soke ta, ya ga ramin.

Attahir ya ce ko ƙara Yahuza bai yi ba. Jikinsa ya sandare, hannun ya ƙi saki. Da Attahir ya ruƙo shi sai abin ya yi jifa da shi ma. Akawun ne ya zo da busasshiyar sanda ya bige hannun, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Mato ya ce tatsuniya ce, a ajiye wa alƙali.

Dado ta miƙe da ƙyar, ta shiga ɗakin ɗanta, ta ce Mato ya biyo ta. Attahir na hango su daga inda yake. Ta ɗora tafinta a bango, daidai kafaɗar mutum. Wurin duk huda ne, ƙanana, birjik, wasu har ƙasar ta zube.

"Tun yana shekara tara nake yaɓe bangon nan yana hudawa. Bai taɓa barin basilla a ƙasa ba, wai kada wani ya taka. Wannan ba ƙarya ba ce, Mato. Halin ɗana ne."

Ta fito ta tsaya a kan Attahir, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ya auri 'yarta.

"Kai ka ji gargaɗin akawun?"

"Na ji, Inna."

"Ka faɗa masa?"

Yana iya cewa ya faɗa, ba mai ƙaryata shi a duk Damargu. Ya dubi ƙafafun Sakinatu.

"Na ce a raina sai mun zauna cin abinci. Na manta."

Dado ta ce da Mato babu zuwa Tanut, ta ce Raishatu ta shiga ta cike abin da ya rage na takaba. Ta koma tabarmarta, ta zauna tana fuskantar danga.

"Sakinatu, bi mijinki gida, ki ba shi ruwa. Amma ki ce masa kada ya zo gaishe ni sai na aika."