Rabin Ɗakin Matar Kafinta

"Ku ɗaga masa kai kaɗan," in ji lauyan, yana neman inda zai ajiye jakarsa tsakanin kwalaben magani.

Auta ta cusa wa mahaifinta filo a baya. Baba Direba ya buɗe ido ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya: 'yarsa, baƙo mai kwat, sai matar Kafinta, maƙwabciyarsa, da ta rakuɓe a bakin ƙofa kamar wadda aka kama da laifi.

Laifin kuwa ɗaki ne. Shekaru da yawa da suka wuce, lokacin da 'ya'ya suka yi wa Kafinta yawa a ɗaki ɗaya, Baba Direba ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Ka rushe nan ka shigo ta wajena, ka yi ɗaki. Filin me nake yi da shi, kiwon ƙadangaru?" Aka gina, rabin ɗakin a filin Kafinta, rabi a na Direba. Ba wanda ya rubuta komai. Kafinta ya rasu, 'ya'ya suka watse, matar ta saka 'yan haya a ɗakin gaba don ta samu abin kai wa baki, ita ta koma na bayan da kwana. Yanzu ga Baba a kwance rai a hannun Allah, manyan 'ya'yansa kuma sun fara magana da wani kamfani mai gina shaguna. Auta ce ta ji tausayi, ta ɗauko lauya ba tare da sanin yayyenta ba.

Lauyan ya ce, "Baba, sannu da jiki. Ka gane wannan baiwar Allah?"

"Ni za ka tambaya? Matar Kafinta ce. Ita ta lalata min hanci da ƙaurin girki shekara da shekaru."

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. Lauyan ya gyaɗa kai, ya gamsu cewa tsohon yana cikin hayyacinsa. Ya zaro takarda ya yi bayani a hankali: Baba zai sa hannu cewa ya ba ta wannan yankin na filinsa kyauta, shi ke nan, ba mai tayar da ita.

Tsohon yana numfashi da ƙyar. Fankar sama tana juyawa tana kaɗa gefen takardar.

"In ba ta me?"

"Wurin da ɗakin yake, Baba."

"Ai nata ne. Na riga na ba mijinta. Ya za a yi in ba da abin da ba nawa ba?"

"Haka ne, Baba. Amma a zanen fili har yanzu sunanka ne. Hukuma takarda take dubawa, ba ta san abin da aka faɗa a kan katanga ba."

Nan fa tsohon ya harzuƙa. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana ɗaukar kayan mutane daga gari zuwa gari, ba rasit ba shaida, ko allura ba ta taɓa ɓata ba, kuma ba ya gajiya da faɗin haka. Ya ture biron da Auta ta miƙo masa har ya faɗi ƙarƙashin gado.

"Wato ni maƙaryaci ne? Sai na dangwala hannu kafin a yarda da ni? 'Ya'yana sun sani. Ni na haife su." Tari ya sarƙe shi. Da ya lafa, ya juyo da kansa wajen ƙofa. "Ke, matar Kafinta. Ke kika kawo shi? Maganata ba ta ishe ki ba?"

Ta sunkuyar da kai. Lauyan ya matso kusa da ita ya rage murya. "Inna, ki lallashe shi. Wallahi in bai sa hannu ba, ba abin da zan iya yi miki gobe."

Ta sani sarai. Ta san 'ya'yan nan fiye da yadda ubansu ya san su, ita ta goya biyu daga ciki. Kalma ɗaya ce za ta faɗa, ta ce Baba ka yi haƙuri ka sa, don ni. Zai sa, ta tabbata. Amma zai mutu yana ganin ita ma ba ta yarda da shi ba. Ta dubi bakinsa da ya bushe, yana jiran amsa, kunya da tausayi suka rufe ta.

"Ta isa, Baba," ta ce. "Har ta yi yawa."

Ya sauke ajiyar zuciya ya rufe ido. "To ku ba ni ruwa."

Matar Kafinta ce ta ba shi da cokali. Lauyan ya tattara takardunsa, ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ƙara magana, sai ya yi musu Allah ya sawwaƙe ya fita.

Washegari da hantsi matar Kafinta tana shanya ta ji kukan Auta ta bayan bango, ta san Baba ya cika. Ta ajiye bokitin ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta, kuma a lokacin ko tunanin ɗakin ba ta yi ba.

Da zaman makoki ya watse, babban ɗan Baba ya shigo ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Bai iya haɗa ido da ita ba.

"Inna, ba ni kaɗai ba ne, muna da yawa. Kamfanin kuma sun ce yadda zanen yake haka za su saya, ko su fasa."

"Auta ba ta gaya maka abin da ya faɗa ba?"

"Ta gaya min." Ya sosa ƙeya. "Kin san ciwo, Inna. Mutum yakan faɗi abubuwa."

Ta miƙe ta shige ɗaki.

Masu awo suka zo da safe, su biyu, masu ladabi, har da cire takalmi. Suka roƙe ta ta ɗan janye gadon. Suka ja igiya daga ƙofa zuwa taga, ɗaya ya durƙusa ya bi ta da jan fenti a kan siminti, ya haura bango da shi har kusa da rufi. Suka ce ta yi haƙuri, suka tafi.

Duk da cire takalmin, sun shigo da ƙasa a ƙafafunsu. Ta ɗauko tsintsiya ta share nata ɓangaren. Da ta iso layin ta tsaya, fentin bai bushe ba tukuna. Ta ɗage bakin zaninta, ta tsallaka, ta ci gaba da shara.