Romon da Babu Nama

Kaltumi ta fi shekara ashirin tana yin daddawar batso, ta 'ya'yan yakuwa, a Gure, har makiyayan Alakoss ba sa barin kasuwa sai sun biya ta rumfarta. Shekarar da fara ta cinye gero, 'ya'yan yakuwar da take dafawa ma mutane suka soye su suka ci. Gari ya koma cin anza, 'ya'yan wani itacen daji, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya ragu.

Mijinta Aisami, tsoho ne mai ciwon ƙirji, ya kai ga ko loma ɗaya ba ta wuce masa. Kullum sai ya ture ƙwaryar ya juya fuska bango.

Ran kasuwa Alhasan, wani ɗan tireda Bakano, ya yafito ta. Ya buɗe wani ɗan gwangwani mai baƙon rubutu, cikinsa farin gari kamar gishiri.

"Iya, ɗanɗana. Daddawar mutanen Japan ke nan. Wai wani malaminsu ne ya fara tatso ta daga ciyawar teku, yanzu kamfani guda ke yin ta."

Ta shinshina, ba wari. Ta ce, "Daddawar da ba ta wari ai ba daddawa ba ce." Amma da ta lasa sai yawunta ya tsinke kamar ta kurɓi romon rago. Ba ta da kuɗi, sai ta kawo masa babbar tukunyar da take dafa yakuwa, ya ba ta gwangwanin da ɗan abin da ya rage ciki.

Ranar ta barbaɗa garin a miyar ganye, Aisami ya shanye tas, har ya suɗe hannu.

"Kaltumi, ina kika samu nama?"

"Malam, ba nama ba ne. Ci dai."

Bai yarda ba. Shi kuwa mutum ne da bai iya cin abu ya hana dangi, sai ya sa ta kai ƙwarya guda gidan ƙanensa Barmo. Hawa matar Barmo, wadda ta binne 'ya'ya biyu a watan, ta lasa ta ajiye. Washegari kafin la'asar unguwa ta ɗauka cewa Kaltumi na ɓoye kilishi.

Mata suka shigo ba sallama, suka birkice ɗaki har ƙarƙashin gado. Gwangwanin kaɗai suka samu. Hawa ta ɗaga shi sama.

"Wannan rubutun na Musulmi ne? Me kike barbaɗa wa yayan mijina?"

Kaltumi ta ce a kira Alhasan ya faɗa da bakinsa. Ashe ya bi ayari ya nufi Damagaram tun da hantsi. Hawa ta zazzage garin cikin rairayi ta murje da ƙafa.

Aisami ya sake daina ci. Bayan kwana tara Allah ya yi masa cikawa.

Ba wanda ya kai ta gaban alƙali, ba kuma wanda ya sake amsa gaisuwarta. A bakin rijiya mata sukan janye gugansu in ta iso. Da ta gama takaba ta ɗaure tabarmarta ta kama hanyar Kelle, inda 'yar'uwarta ke aure. Wani mai raƙumi ya ce ya gan ta zaune gindin aduwa wajen rabin hanya, ya ba ta ruwa ta sha. Mutanen Kelle dai sun ce ba ta iso ba.