Shirun Abdulmumini a Gindin Rijiya

Masu yasar rijiya a ƙasar Dakoro ƙa'idarsu guda ce: wanda ke ƙasa ba ya yin shiru. Ko waƙa zai yi, ko zikiri, ko ya zagi mai kula da igiya, duk ɗaya ne, in dai ana jin muryarsa. Rijiyoyinmu zurfi gare su, in ka leƙa ba ka ganin mutum. Da bazara kuma akwai wata iska da ke kwanciya a gindinsu, ba wari ba launi, lallaɓa mutum take yi kamar barci. Shi ya sa da murya ta ɗauke, sai a kora raƙumi a jawo mutum sama.

Ni ne mai raƙumin, sunana Agali. Maigidana Abdulmumini shi ke shiga. Mun daɗe tare, kuma ban taɓa ganin mutum mai zafin zuciya irinsa ba. Daga gindin rijiya yake zagina har da kakannina, ni kuwa daɗi nake ji, don na san yana da rai.

'Yarsa Ramla ce ta kawo mana sabon abu. Tana karatun jinya a Maraɗi, ta zo hutu ta tarar hawan jini ya fara taɓa shi. Ban da magani, sai ta nuna masa a waya wani numfashi na mutanen Indiya: ka danne hancin dama da babban yatsa, ka ja iska ta hagu a hankali, wai yana sanyaya jiki da zuciya. Cewa ta yi ya zauna a inuwa ya yi. Ba ta ce a rijiya ba, don ba ta yi zaton akwai mai hankalin da zai kai shi can ba.

Abin ya karɓe shi, ba zan yi ƙarya ba. Faɗa ya ragu a gida, har matarsa ta yi ƙiba. Sai dai mai danne hanci ba ya waƙa. Ran nan a garin Rumbu, yana gindin rijiya, muryarsa ta ɗauke, na kira ba amsa, na kora raƙumi. Ya fito lafiya lau da yatsa a hanci, ya wanke ni tas gaban mata masu jiran ruwa.

"In ka sake jawo ni ina cikin numhwashina, Agali, mun rabu ke nan. Ka ji ko?"

"Na ji, Maigida."

Bayan nan aka kira mu wata tsohuwar rijiya a gabashin garin Badar Gula, wadda aka daɗe da rufewa da itace da ƙaya. Rana ta take, ko tsuntsu ba ya motsi. Da muka ɗauke itacen, na jira jemagu su tashi kamar yadda suka saba, ko ɗaya bai fito ba. Ƙudaje ma ba su bi bakinta ba.

"Maigida, mu bar ta ta sha iska hal gobe."

"Kai dai tsoro gare ka. Ɗamre min igiya."

Ya sauka yana waƙa. Guga ya fara fitowa da baƙin taɓo, a cikin wani na ga ƙadangare matacce, jikinsa ba ko ƙwarzane. Waƙar tana ta yin ƙasa-ƙasa, kalmomin suna haɗewa. Can ya ɗaga murya.

"Zahi ya yi yawa. Bari in ɗan yi abin Ramla. Kak ka taɓa raƙumin nan!"

Shiru ya biyo baya. Na kwanta rub-da-ciki a bakin rijiya ina saurare, ƙasa tana ƙona min ƙirji. Na kira shi, ba amsa, amma a Rumbu ma bai amsa ba. Tsoro biyu ne suka kama ni: in na ja, na rasa aikin da ke ci da iyalina, in na bari, wataƙila gawa nake gadi. Na ɗora hannu a kan igiya. Mai rai ko zaune yake, igiya tana ɗan rawa da shi. Wannan ta miƙe ɗam, nauyi kawai.

Na zabura na zabga wa raƙumi bulala.

Abdulmumini ya fito kansa a langaɓe, leɓɓansa sun yi duhu, yatsan nan na maƙale a gefen hanci. Muka shimfiɗe shi ƙarƙashin aduwa, mutanen garin suna yi masa fifita, ni ina kuka ba kunya. Da ƙyar ƙirjinsa ya ɗaga, ya yi tari, ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallona, fuskarsa a sake kamar ta jinjiri.

"Wa ya ce ka ja ni?" Muryarsa ba faɗa a ciki, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "Yau ne abin ya kama ni sosai. Sanyi, Agali, tun daga ƙahwa hal ka. Ban taɓa jin daɗi irin wanga ba."

"Iskar rijiya ce, Maigida. Mutuwa ce ka ɗanɗana."

Murmushi kawai ya yi. Mutanen garin suka faɗa masa, matarsa ta faɗa masa, Ramla ta kira ta waya tana kuka, duk ya ce mun raina abin da ba mu sani ba. Ya cika alkawari, ya sallame ni.

Yau da safe ina ba raƙumina dusa na ga amalanken jaki ya bi hanyar Badar Gula, igiyarmu a naɗe a baya. Abdulmumini na zaune a kai, kusa da shi Kimba, sabon mai jan igiyarsa. Na san Kimba, mutumin kirki ne, ko a wuta ka ce ya tsaya zai tsaya. Na bi su da gudu ina kira.

"Kimba! In ya yi shiru ka ja shi!"

Kimba ya waiwayo, sannan ya dubi maigidansa. Abdulmumini ya girgiza masa kai a hankali, Kimba kuma ya juya ya ci gaba da kora jakin.