Ƙarin Albashin Almustapha

Almustapha ya kashe injin casar shinkafa tun kafin azahar, ya kakkaɓe ɓuntun da ya lulluɓe masa gira, ya nufi gidan maigidansa. Shekara tara ke nan yana aiki da wannan inji a bakin kasuwar Wurno, shekara huɗu kuma da Alhaji Abdulƙadiri ya yi masa alkawarin ƙarin albashi. Duk ranar da ya tayar da maganar, sai Alhaji ya sa a kawo shayi, ya shiga ba shi labarin abotarsa da marigayi mahaifin Almustapha, har a kira salla kowa ya tashi.

Yanzu kuwa ga wani Alhaji Tambari ya kafa sabon inji a Goronyo, ya aiko yana nemansa, yana son amsa kafin Juma'a. Almustapha ya yi kwanaki yana juya abin. Ba ya son yin nisa da tsohuwarsa. Kuma ya saba da injin nan, ko daga masallaci ya ji ƙararsa ya san abin da ke damunsa. Matarsa Uwaliya ce ta gaji da wannan nuƙu-nuƙu, da safe ta raka shi har bakin ƙofa.

"Baban Aziza, in ka tahi kada ka zamna, kada ka sha shayin nan," in ji ta. "Ka faɗi maganarka kana tsaye."

Ya iske Alhaji a zaure yana sauraren rediyo.

"Ɗana, kai ne da rana haka? Zamna, zamna."

Ya zauna. Aka kawo shayi, ya sha. Sai da ya ga an sake cika masa kofi, Alhaji kuma ya kama labarin yadda shi da mahaifin Almustapha suka taɓa kai albasa Rabah a kan jakai ruwa ya tare su, sannan ya tuna fuskar Uwaliya. Ya ajiye kofin.

"Baba, aiki zan bari. An kira ni Goronyo."

Alhaji ya rage muryar rediyo. "Mi na yi maka?"

"Ba ka yi man komi ba, Baba. Maganar ƙarin nan ce."

"A'a, don wanga? Ai sai ka faɗi. Daga watan nan na ƙara maka. Shi ke nan, sha shayinka."

Almustapha ya tsaya yana kallon tabarma. Ya ɗauka ranar da zai ji wannan magana zai yi tsalle don murna. Sai ya ji wani abu daban. Ashe abin bai fi ƙarfin Alhaji ba. Shekara huɗu Uwaliya tana lallaɓa cefane, abu kuma ga shi ya fito cikin numfashi ɗaya. Maimakon fushi, sai ya ji zuciyarsa ta yi sakayau.

"Na gode, Baba, Allah shi saka da alheri. Amma dai tahiya zan yi. In wata ya ƙare, bayan na nuna ma wanda zai karɓe ni aikin."

Alhaji ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar.

"Injin wa?"

"Na Alhaji Tambari."

"Tambarin da na sani? Mi ya ce zai ba ka?"

Almustapha ya faɗa masa. Kuɗin ya fi abin da yake karɓa nesa ba kusa ba. Amma Alhaji sai ya ɓata fuska kamar an zage shi, ya laluba aljihu ya ciro waya.

Ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. "Tambari, ashe haka kake? Mutumin da shekara tara injina bai kwana a lalace ba, shi za ka ba wanga ɗan abu? Ba ka san darajar mutane ba. Ka ƙara, ka kuma ba shi wurin zama da iyalinai. In ba haka ba, ba ya zuwa."

Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya toshe bakin wayar da tafin hannu, ya dubi Almustapha yana murmushi.

"Ya ƙara. Kada ka yi magana tukuna, bari in ƙara matsa shi."