Fitilun Jirgin Kawu Mahmudu

Ranar Laraba ce cikin watan Zulkida, tun hantsi zafi ya kwanta a kan Makka, ko iska ba ta motsi a lungunan unguwar Tandabawi. Lurwanu yana durƙushe ƙarƙashin tebur a shagon kawunsa Mahmudu, waya a baki, gumi na shiga masa ido. A saman teburin jirgin ƙasa ne na wasan yara, da layin dogonsa mai zagaye, da tasha ta kwali, da sanduna shida masu fitila ja da kore. Kawu ya saye shi a hannun wani ɗan kasuwa da ya zo daga Beirut, don ya riƙa tsayar da alhazai a ƙofar shago su sayi carbi da turare. Jirgin yana tafiya, fitilun ne suka ƙi.

A gaban mutane Kawu ya yi alkawari: in fitilun nan suka yi aiki kafin alhazai su cika gari, kusurwar shagon ta zama ta Lurwanu, ya kafa tebur yana gyaran rediyo da fanka. Lurwanu ya haura talatin yana dakon kaya a kasuwa, kafaɗarsa ta fara hana shi barci. Ɗan abin da ya sani na lantarki a wurin wani mutumin tsibirin Jawa mai gyara ya tsinta, yana kallo daga bayansa.

Zali mai shayi ya leƙo daga rumfarsa.

"Injiniya, yau ma ba a tashi ba? Fasinjoji sun fara neman jakunan hawa."

"Kawo shayi ka rufe bakinka."

"Mutumin da bai taɓa ganin jirgin ƙasa ba, wai shi zai ba shi hannu."

Gaskiya Zali ya faɗa. A Makka aka haifi Lurwanu. Kawu ne ya hau jirgi a garin Kosti na Sudan sa'ad da yake hanyar zuwa Makka, kuma shi ya kafe cewa ba fitilar ado yake so ba. Jirgi ya shiga, ja ta kama a bayansa; ya fita, kore ta dawo.

Da farko Lurwanu ya haɗa fitilun a wayar da ke ba jirgin wuta. In aka murɗa ƙarfi suna haske, in jirgi ya rage gudu sai su dusashe, in ya tsaya su mutu tare da shi. Kwana da kwanaki haka ake. Sai yau ya lura akwai wasu kusoshi biyu a bayan taransifomar jirgin, akwatin da ake murɗa ƙarfin wuta a jikinsa, waɗanda wutarsu ba ruwanta da murɗawa. Ya ja sabuwar waya daga nan, ya yanka ƙarfen dogo a wurare, ya cusa takarda a tsagar, ya liƙe da dalma har ya ƙona yatsa.

Dab da Azahar ya fito daga ƙarƙashin teburin, gwiwoyinsa suna ƙara, ya murɗa. Jirgin ya wuce sandar farko, ja ta kama. Ya kai ta biyu, ta farko ta koma kore.

Kawu ya matso da fuskarsa kusa, ya bi jirgin da ido har ya zagayo.

"Haka yake a Kosti," in ji shi. "Wallahi haka yake. Khalas, ya waladi, shi ke nan ɗana, gobe ka kawo teburinka."

Lurwanu ya taɓa taransifomar, ya janye hannu. An yi ta don jirgi ne, fitilun sanduna shida sun yi mata nauyi.

"Kawu, abin nan yana ɗaukar zafi. A bar shi ya sha iska."

"Tayyib, tayyib, na ji," in ji Kawu, amma Zali yake nuna wa yadda ake tsayawa a tasha.

Lurwanu ya zagaya baya wanke hannu. Yana cikin haka aka kira salla. Ya yi tunanin komawa ya zare wayar bango, sai gajiya ta hana shi. Ya yi alwala ya bi mutane. A masallaci, bayan sallama, ya jingina da ginshiƙi, barci ya ɗan sace shi.

Da ya farka ya nufo shago, tun daga bakin lungu ya ji ƙauri. Zali na tsaye da garwa a hannu, ruwa na gangarowa daga ƙofar shagon. An janye zanen da ake rufe kaya da shi an yar a ƙasa, baƙin rami a tsakiyarsa yana hayaƙi.

"Da ban dawo da wuri ba, da har turaren ya tafi," in ji Zali. Yau babu tsokana a muryarsa.

Kawu yana zaune a kan akwati, hula a gwiwa.

"Ni na kashe shi," in ji shi. "Na murɗa, jirgi ya tsaya, kamar kullum. Na rufa zane na tafi."

Tun kafin a haifi Lurwanu haka Kawu yake yi: ladan ya kira, ya jefa zane a kan kaya, ya bar ƙofa a buɗe. Kuma har jiya, in jirgi ya tsaya komai ya mutu. Yau ne kaɗai fitilun suka ci gaba da ci a ƙarƙashin zane mai kauri, taransifoma tana dahuwa ba iska.

Lurwanu ya buɗe baki zai bayyana, sai ya ga maƙwabta sun taru suna kallon tsohon. Ya rufe.

"Lantarkin nan ba abin wasa ba ne," in ji Kawu, bai ɗaga kai ba. "Ka ga da rediyon mutane ne. Maganar kusurwa mu bari sai bayan Hajji."

"To, Kawu."

Ya tsuguna ya fara tsince abin da ya rage. Jirgin bai yi komai ba, sai jiƙewa. Taransifoma ta narke, babu irinta a Makka. Fitilun sanduna huɗu cikin shida sun fashe. Tashar kwali ta zama toka, da tsakiyar zanen rufe kaya, da carbi dozin biyu da ke gefen tebur, da kusurwar shagon da aka yi masa alkawari.