Maganar da Okwudili Ya Tanada wa Ubansa

Da aka ce wa Okwudili shi ne wanda za a harbe a bakin rafi, sai da ya nemi wuri ya zauna. Ya tsufa a finafinan Enugu yana fitowa maigadi ko direba, bakinsa bai taɓa wuce "sannu da zuwa, Oga" ba. Yau ga fim ɗin yaƙin basasa, labarin wani maharbi da ke laɓewa a kan tsauni yana ɗauke mutane ɗai-ɗai, kuma an ba shi mutuwa tasa shi kaɗai.

A bakin rafi aka kashe ubansa lokacin yaƙin, shi yana goye. Ba wanda ya ga mai harbin. Duk sanda ya tambayi uwarsa abin da tsohon ya ce kafin ya cika, sai ta tashi ta kama wani aiki. Don haka ya zauna ya tsara wa mutumin fim ɗin maganar ƙarshe: saƙo ga mata, da sunan ɗa, da gonar doyar da ba a tone ba. Ya kai wa darakta Nkemdirim.

Nkemdirim na cin okpa, alalar gurjiya, a bayan mota. Ya saurara yana lasar yatsu, sannan ya kira shi Dede, yadda suke kiran wanda ya girme su.

"Dede, ashe marubuci muke ta sa wa kakin maigadi? Ka faɗe ta duka, kar ka rage ko kalma."

"Da gaske, Oga?"

"Sharaɗi ɗaya. Ba zan gaya maka lokacin da za a harbe ka ba. Ɗan wasa in ya san harsashi na tafe, kafaɗarsa ke fara tona masa asiri. Irin wannan fim jira ne ke riƙe mutane a kujera. Mu mun sani, kai ba ka sani ba. Daɗin ke nan."

Washegari da safe aka ɗaura masa ledar jinin ƙarya a ƙirji, da ɗan abin fashewa wanda ake tayarwa daga nesa. Aka ba shi bokiti. Kowa ya kwashi kaya ya hau tsauni, har kyamara, aka bar shi shi da rafi.

Da farko a ɗarare yake. Ya cika bokiti ya zubar, ya sake cikawa, yana bitar maganarsa a zuci. Rana ta take. Bayansa ya ƙage, ƙudaje suka sami zaƙin jinin ƙaryar suka yanyame shi. Ya duba tsauni, ba motsi. Ya ce a ransa lallai sun tafi cin abinci sun manta da shi. Ya cire takalmi, ya wanke ƙafa, ya sosa hammata, ya durƙusa ya kamfaci ruwa zai kai baki.

Nan ƙirjinsa ya fashe.

Bai yi faɗuwar da ya koya ba. Ya kife rabi a ruwa rabi a yashi, kuma ya ji ɗumi na bin cinyarsa, wanda ba na leda ba ne. Can ya tuna da maganar da ya tanada. Ya juya rigingine ya fara magana. Ya kira matar, ya ambaci gonar, da ya zo kan sunan ɗan sai ya ji nasa sunan ya fito. Kukan da ya yi bai shirya shi ba.

Da suka sauko ya tare darakta, yana kare gaban wandonsa da bokiti.

"Oga, kun ji?"

"Mun gani, Dede. Jeka ka canza wando."

Ranar da za a fara nuna fim ɗin, Okwudili ya je ƙauye ya ɗauko uwarsa. Ta sha zanen zuwa coci, ta zauna kusa da shi a silima, hannuwanta a kan cinya.

Sai ga shi a allo, ɗan mitsitsi a cikin da'irar madubin bindiga. Yana wanke ƙafa. Da ya sosa hammata aka fashe da dariya. Daga nan dariyar ta mutu, ba a jin komai sai numfashin maharbin. Wata mata ta ce a hankali, "Tashi ka gudu mana, bawan Allah." Ya kamfaci ruwa. Ya faɗi.

Da'irar ba ta gusa ba. Ana ganin bakinsa na motsi, yana ta motsi, amma kukan tsuntsaye kawai ake ji. Maharbin ya ɓare namijin goro ya jefa a baki, yana kallo yana tauna.

"Wannan akwai surutu," in ji wani ɗan kallo daga kujerun baya. "Ƙara masa ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Da aka kunna fitilu, tafi ya cika ɗakin.

A waje ya riƙo hannun rigar Nkemdirim. "Oga, maganata fa?"

"Daga kan tsauni wa ke jin magana? Ka ga na sa maka makirufo? Da sun ji ka, da sun yi kukansu sun huta. Yanzu kowa zai kai ta gida a maƙale a wuya. Ka gode mini, Dede, yau ka zama ɗan wasa."

Abin da ya fi ci wa Okwudili rai shi ne ya rasa inda mutumin ya yi ƙarya.

A cikin Keke Napep, a hanyar komawa, ya juya wajen uwarsa. "Nne, ba haka na so ki gani ba. Na sa wa Papa magana, mai kyau."

"Na ga bakinka na motsi." Idonta na kan titi. "Shi ma haka ya yi. Ina ƙetaren rafi cikin ciyawa, na toshe maka baki da hannu. Ya daɗe yana magana yana duban wajenmu. Ko kalma ɗaya ba ta iso ba."

Ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Wannan ogan naku ya iya aikinsa," in ji ta.